A asibiti an ce hawan jini ne, na'urar gida kuma kullum da tata magana

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kano, atamfa da shadda nake sayarwa, shekarata 52. Watan jiya na raka maiɗakina awon ciki, sai na ce bari ni ma a auna ni. Aka samu 158/96. Bayan mako biyu na koma aka samu 154/98, likita ya ce hawan jini ne, ya rubuta min magani. Har yau ban fara sha ba, domin ba na ciwon kai, ba na jiri, kuma na ji ana cewa wanda ya fara ba ya dainawa. Ɗana ya sayo min na'urar da ake ɗaurawa a tsintsiyar hannu. Yanzu a rana nakan auna sau goma ko fiye, a shago da gida. Wani lokaci ta nuna 126/80, kafin awa ɗaya ta nuna 168/101. Maiɗakina ma da ita take aunawa. Ina da jiki, ina cin goro, kuma kusan kullum sai na sha maganin ciwon gwiwa da nake saya a kemis. Wa zan gaskata, asibiti ko na'urar? Ina da hawan jinin nan ko ba ni da shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma sauki iyali lafiya.

A abin da ke hannunka yanzu, awon asibiti ya fi nauyi. Sau biyu aka auna ka a ranaku daban-daban, duka biyun sun haura 140/90, wannan kuwa hujja ce mai ƙarfi. Lambobin da kake tarawa da na'urar tsintsiyar hannu, sau goma a rana, a tsaye da a zaune, kana ciniki kana amsa waya, ba za su wanke ka ba kuma ba za su kama ka ba. Amma tunanin da ka yi na son tabbatarwa a gida tunani ne mai kyau, likitoci ma shi suke so a yi kafin a ɗora mutum a kan magani na dogon lokaci. Hanyar ce ba ka bi daidai ba. Da na'urar da ta dace da kwana bakwai na awo bisa tsari za ka samu amsar da ta fi ta asibitin ma tabbas.

Mu fara da abin da ya rikita ka, wato canzawar lambobin. Ƙarfin bugun jini a jijiya ba ya tsayawa wuri ɗaya ko a jikin mai cikakkiyar lafiya. Yana sauka a lokacin barci, ya tashi da sassafe, ya ɗaga idan ka hau bene, ko ka yi musu da mai bashi, ko fitsari ya matse ka, ko sanyin hunturu ya buge ka. Kai da kanka ba ka yanke hukunci a kan shago da cinikin awa ɗaya. Wata awar ba ko sisi, wata awar a kwashe maka dila guda. Sai ka tara na mako ka raba sannan ka san inda kasuwa ta dosa. Haka hawan jini yake, matsakaicin awo ake dubawa. Kuma yawan aunawar nan da kake yi yana ƙara dagula lissafin: ka ga 150, gabanka ya faɗi, ka sake aunawa nan take ka ga 165, alhali tsoron lambar farko ne ya haifi ta biyu.

Batun cewa ba ka ciwon kai kuwa, ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Yawancin masu hawan jini ba sa jin komai a jikinsu shekara da shekaru. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum ɗaya cikin manya uku a duniya yana da shi, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Da yawa ranar da ɓarin jiki ya shanye, ko ƙoda ta gaza, ita ce ranar da suka sani.

Sai na'urar. Irin waɗannan na'urori masu batir ba sauraron jijiya suke yi ba kamar yadda ma'aikacin jinya ke yi da abin sauraron da yake maƙalawa a kunne. Suna hura iska a maɗauri har ya matse jijiya, sannan su riƙa sassautawa suna jin ɗan motsin da bugun jini ke yi a cikin iskar, daga nan su lissafa lambar sama da ta ƙasa. Lambar sama ƙarfin jini ce a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma a lokacin da ta saki. Ta uku da ke fitowa a ƙasansu yawan bugun zuciya ne a minti ɗaya, ba ta cikin lissafin hawan jini. Tunda motsi na'urar ke ji, duk wani motsi da ba na jijiya ba yana ruɗa ta.

Matsalar ta tsintsiyar hannu ita ce dole hannun ya tsaya daidai saitin zuciya, kuma da wuya mutum ya iya riƙe shi haka kowane lokaci. Idan hannun ya yi ƙasa da zuciya lamba ta hau, idan ya yi sama ta sauka. Bambancin tsawon inci ɗaya kawai yana canza lamba da kusan maki 2. To ka ƙiyasta tazarar da ke tsakanin hannun da ke kan cinya da hannun da aka ɗaga zuwa kafaɗa, za ka ga inda wani kaso na bambancin 126 da 168 ya fito. Ga kuma lanƙwasa tsintsiyar hannun, wanda shi ma yana canza sakamako. Ana barin irin wannan na'ura ne ga wanda damtsensa ya yi girman da babu maɗaurin da zai zagaye shi. Ta yatsa da agogon hannun da ake tallar yana auna jini ba tare da ya hura iska ba, waɗannan kada ma ka kula su a maganar tabbatar da ciwo. Ka gode wa yaro bisa ƙoƙarinsa, amma a nemo ta damtse.

Ta damtsen ma ba kowace ba. Kasuwa cike take da na'urorin da ba a taɓa gwada su a jikin mutane an kwatanta da awon ƙwararru ba. Kyan kwali, ko muryar da ke karanto maka lamba, ko hatimin da aka buga a gefe, ba su ne shaidar inganci ba. Akwai shafin intanet mai suna STRIDE BP wanda ƙungiyoyin masana hawan jini na Turai da na duniya ke goyon baya, yana jera na'urorin da suka ci jarrabawar inganci. Ƙungiyar masana hawan jini ta Birtaniya da Ireland ita ma tana da irin wannan jeri. Ka sa ɗanka ya duba kafin a biya kuɗi, kuma lambar samfurin zai duba, ba sunan kamfani kaɗai ba. Kamfanoni irin su Omron da Microlife da A&D suna da samfura da yawa a jerin, amma kamfani ɗaya yana iya samun wanda aka gwada da wanda ba a gwada ba. A saya a babban kantin magani mai rajista, a karɓi rasit, domin sanannen suna shi ake yi wa jabu.

Abin da muke so ka fi mayar da hankali a kai shi ne girman maɗauri, tunda ka ce kana da jiki. A nan ne mutane suka fi yin kuskure, har a wasu asibitoci inda maɗauri ɗaya ake ɗaura wa kowa, siriri da kakkaura. A cikin maɗaurin akwai jakar iska, kuma ƙa'ida ita ce tsawonta ya zagaye kusan kashi 80 cikin 100 na damtse, faɗinta kuma ya kai kusan kashi 40. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, sai na'ura ta yi ta hura iska fiye da kima kafin ta iya matse jijiya, sai ta ba da lambar da ta fi gaskiya yawa. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, aka wallafa a 2023, ya gano cewa masu buƙatar maɗauri mafi girma, idan aka auna su da na kowa-da-kowa, lambarsu ta sama tana ƙaruwa da kusan maki 20. Maki 20 ya isa ya mayar da lafiyayye majinyaci a takarda. Idan kuma maɗauri ya yi yawa, lamba takan ɗan ragu.

Aunawa ba wuya, ga tef a shagonka. Ka saki hannu ya rataya, a nemo tsakiyar tazarar da ke tsakanin ƙashin kafaɗa da tsinin gwiwar hannu, a zagaya tef a nan ba tare da an matse ba. A karanta ta gefen santimita. Maɗaurin da ya fi zuwa cikin kwali na damtse mai santimita 22 zuwa 32 ne. Daga 32 zuwa 42 babba ake buƙata. Akwai kuma mai faɗin zango wanda ke ɗaukar 22 zuwa 42, wannan ya fi dacewa da gidan da mutum fiye da ɗaya za su yi amfani da na'ura. Lambobin suna rubuce a jikin maɗaurin. Kada a ɗauko maɗaurin wani kamfani a jona a na'urar wani don bakin tiyon ya shiga, domin kowace na'ura da nata aka gwada ta. Kuma idan ka koma asibiti, ka tambaya da wane girma aka auna ka waccan ranar. Tambaya ce da ta halatta.

Da ka sayo, ka tafi da ita asibiti tun kafin ka fara. A auna ka da tasu da taka a hannu ɗaya, bi-da-bi, ana barin minti ɗaya a tsakani, kamar sau uku. Idan bambancin bai wuce maki 5 ba, ka yi dace. Idan yana ta haura 10, ba abin dogaro ba ce. A wannan zaman ne kuma za a auna hannayenka biyu. Ɗan bambanci tsakaninsu ba komai ba ne, amma daga ranar hannun da ya fi lamba shi za ka riƙa aunawa kullum. Idan bambancin ya kai 15 ko 20 kuma ya maimaitu, likita zai so ya duba jijiyoyin. Ka gaya masa gaskiya cewa ba ka fara maganin ba kuma kana son yin awon mako ɗaya a gida. A irin lambobinka yawancin likitoci za su yarda da jiran mako ɗaya ko biyu. Amma idan kana da ciwon suga, ko ciwon ƙoda, ko ka taɓa samun matsalar zuciya ko shanyewar jiki, yana iya cewa ka fara sha yanzu, ka kuma bi maganarsa.

Yanzu yadda ake awon kansa. Sau biyu a rana, safe da yamma. Na safe kafin karin kumallo, kafin shayi, kafin goro, kafin kowane magani, bayan ka yi fitsari. Mafitsara cike tana iya ƙara maki 10 ko fiye. Kada ka auna da dawowarka daga sallar asuba kai tsaye, don ka yi tafiya, ga alwala da ruwan sanyi, musamman a hunturu. Ka shigo ka huta tukuna. Na yamma kafin abincin dare, ko kuma daf da kwanciya idan abinci ya daɗe da faɗawa. Ka zaɓi lokaci ɗaya ka riƙe shi duk makon. Minti 30 kafin kowane awo babu goro, babu shayi ko kofi, babu taba ko shisha, babu lemon ƙara kuzari, babu aikin ƙarfi.

Zaman yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, kuma a gidajenmu inda aka saba zama a tabarma ko kafet, sai an ɗan shirya. Ana buƙatar kujera mai majingina, ko ta roba ce ta wadatar. Ka jingina bayanka, tafin ƙafafu biyu a ƙasa, ba a harɗe ba. Hannu a kan tebur, yadda tsakiyar maɗaurin zai yi daidai da tsakiyar ƙirjinka. Idan teburin ya yi ƙasa a sa matashi ko a ninka darduma a ƙarƙashin hannun. Kada ka riƙe hannun a sama da ƙarfinka, kuma kada ka ajiye shi a cinya ko ka bar shi yana lilo a gefe. Jami'ar Johns Hopkins ɗin nan ta gwada wannan a 2024: hannu a cinya ya ƙara wa lambar sama kusan maki 4, hannu a rataye a gefe kusan 6 zuwa 7. Zama a bakin gado ba tare da majingina ba shi ma yana ƙara nasa. Kowanne kaɗan ne, amma idan suka taru sun isa su tsallakar da mutum iyaka.

Maɗauri a kan fata ake ɗaura shi. Hannun kaftani idan aka nannaɗe shi sama yakan shaƙe damtse kamar igiya, wannan ya fi barinsa muni. Gara ka cire rigar ka zauna da singileti. Bakin maɗaurin na ƙasa ya tsaya kamar faɗin yatsu biyu sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon ya biyo ta cikin hannu yana fuskantar tafin hannunka, wanda zai kalli sama a sake. Ka ɗaure yadda yatsu biyu za su iya shiga ƙarƙashinsa da ɗan matsi. Sannan ka zauna shiru minti biyar cif kafin ka danna. Minti biyar yana da tsawo ga wanda bai saba ba, ka duba agogo, kada ka ƙiyasta. Waya a ajiye, rediyon labarai a kashe, yara a ce su ba ka wuri. Magana a lokacin awo tana iya ƙara maki 10, ko amsa sallama ce. Idan lamba ta fito ka rubuta, ka jira minti ɗaya a zaune yadda kake, ka sake dannawa, ka rubuta ta biyun. Shi ke nan, ka mayar da na'ura cikin jakarta sai lokaci na gaba. Ba za ta je shago ba.

Ka samu littafi ɗan ƙarami ka ja layuka: kwanan wata, lokaci, lambar sama, lambar ƙasa, bugun zuciya, da wurin ɗan bayani kamar “ban yi barci sosai ba” ko “gwiwa tana ciwo”. Ka rubuta duk abin da ya fito yadda ya fito. Akwai masu aunawa sau biyar su zaɓi mafi ƙanƙanta su kai wa likita, akwai masu mayar da 138 ta koma 130. Wanda ya yi haka mudunsa ya rage wa kansa.

Bayan kwana bakwai za ka samu awo 28. Ka jefar da huɗun ranar farko, domin ranar mutum bai saba ba, lambobin sukan yi sama. Saura 24. Ka tara lambobin sama duka ka raba da 24, ka yi wa na ƙasa haka. Misali idan na sama suka taru suka ba da 3,336, na ƙasa 2,112, matsakaicinka 139/88 ke nan. Idan wani uzuri ya sa ka rasa kwana ɗaya ko biyu, ba a fasa ba, amma kada ya gaza kwana huɗu.

Ka lura da misalin nan da kyau, don a nan ake yawan ruɗewa. Mai 139/88 zai ce ai bai kai 140/90 ba, ya tsira. Bai tsira ba. Iyakar 140/90 ta awon asibiti ce. A gida, inda mutum yake cikin natsuwa, iyakar ita ce 135/85, kuma ɗaya daga cikin lambobin biyu ta kai ya wadatar, ba sai duka ba. Amurkawa ma tun 2017 suka sauko da tasu iyakar zuwa 130/80, shi ya sa za ka ga wasu na'urori ko shafuka suna nuna ja a lambar da likitanka bai ɗaga murya a kai ba.

Idan matsakaicinka ya kai 135/85 ko ya wuce, magana ta ƙare, asibiti da gida sun yi baki ɗaya, sai magani. Idan ya yi ƙasa da haka sosai, to mai yiwuwa kana cikin mutanen da jininsu ke hawa don ganin likita kawai, abin da ya zama ruwan dare. Irin wannan ba a cika gaggawar ba shi magani ba, amma ba a sallame shi, don da yawansu sukan koma masu hawan jinin gaske bayan 'yan shekaru. Za a so ka maimaita awon mako aƙalla sau ɗaya a shekara. Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi haɗari don ba a ganinsa: mutum lafiya lau a gaban likita, a gida ko wurin aiki jininsa a sama. Idan kuma lissafin ya faɗo a bakin iyaka, kamar 132/84, likita yana iya tura ka awon awa 24. Wata 'yar na'ura ce ake rataya maka a ƙugu da maɗauri a damtse, tana aunawa da kanta duk bayan minti 20 ko 30, har kana barci. Ita ce ta fi kowace hanya tabbas, don ita kaɗai ke nuna abin da jini ke yi da dare. Akan same ta a manyan asibitocin koyarwa da wuraren likitocin zuciya.

Akwai lambar da ba a jiran ƙarshen mako a kanta. Idan ka ga 180 a sama ko 120 a ƙasa, ka zauna minti biyar ka sake. Idan tana nan, ka ga likita a ranar. Idan kuma tare da ita akwai ciwon ƙirji, ko sarƙewar numfashi, ko karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko dishi-dishin gani, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda ba ka taɓa yi ba, a ɗauke ka zuwa sashen gaggawa nan take, kuma ba kai za ka tuƙa ba. Waɗannan alamun ko lamba ba ta kai haka ba ma asibiti ake nufa. Kada a tsaya jiƙa tafarnuwa, kada kuma a aro ƙwayar maƙwabci a sa maka a ƙarƙashin harshe, don faɗuwar jini farat ɗaya ita ma tana jawo shanyewar jiki.

Maganin gwiwar nan da ka ambata a ƙarshen wasiƙarka kamar ba komai ba, mu a wurinmu babban abu ne. Ka duba kwalinsa. Idan diclofenac ne, ko ibuprofen, ko piroxicam, ko irin haɗin da ake ƙullawa a leda wanda sau da yawa akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki, to duk suna ɗaga jini. Suna sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ukun farkon suna wahalar da ƙoda da tumbi, kuma suna rage ƙarfin magungunan hawan jini da dama. Ka kai wa likita kwalayen da kansu ya gani tun kafin ka fara awon makon, ya duba gwiwar ya canza maka abin da ya fi sauƙi. Idan akwai dexamethasone ko prednisolone a ciki kuma ka daɗe kana sha, kada ka yanke da kanka rana ɗaya, a hankali ake janye su. Maganin mura mai buɗe hanci shi ma yana ɗaga jini na ɗan lokaci. Goro kuwa sinadarin da ke cikin kofi ne a cikinsa, yana ɗaga lamba na 'yan awoyi bayan an ci, shi ya sa awon da kake yi a shago da goro a baki ba ya nuna komai.

Game da Hajiya, tata maganar daban ce kuma ta fi taka gaggawa. Juna biyu yana canza yanayin jijiyoyi, kuma na'urori da yawa suna ba da lambar da ta gaza gaskiya ga mai ciki, musamman idan ciwon da ke kai wa ga jijjiga ya fara. Ta tsintsiyar hannu ba ta dace da ita ba sam. A jerin da muka ambata akwai sashe na musamman na waɗanda aka gwada a kan masu juna biyu, idan za a sayi ɗaya don ku biyu, a zaɓa daga nan. A wurinta ba a jiran lissafin mako: 140/90 da ta maimaitu, ta je asibiti a ranar. Idan ta kai 160/110, ko ga ciwon kai mai naci, kumburin fuska da hannuwa, ganin walƙiya-walƙiya, ko ciwo a saman ciki ta dama, gaggawa ce ko da tsakar dare ne. Awon gida ba ya maye gurbin awon ciki, don a can ana duba fitsari ma. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa da haihuwa, ana ci gaba da aunawa a makonnin jego. A yi hattara da kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce a wurin jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shanta da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Na'urar ma tana son kula. Idan ta nuna alamar kuskure maimakon lamba, yawanci motsi ka yi, ko maɗauri ya yi sako-sako, ko bakin tiyo bai shiga sosai ba. Idan tana ta hurawa ba ta cika, akwai inda iska ke zuba, a duba tiyon ko ya tsage a wurin lanƙwasa. Kada a nannaɗe shi da ƙarfi a jikin na'urar. Batir idan ya yi sanyi a canza duka lokaci ɗaya, kuma a cire su idan za a daɗe ba a yi amfani da ita ba, don sukan zubar da ruwa su cinye ƙarfen ciki. Yawancinsu an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 10 zuwa 40, saboda haka wadda ta wuni a cikin mota a watan Afrilu a Kano sai an bar ta ta huce a ɗaki kafin a yarda da maganarta. Idan wata 'yar alamar zuciya tana yawan fitowa a gefen allo, tana nufin bugun ba ya tafiya daidai. Sau ɗaya ba komai, amma idan tana maimaituwa a gaya wa likita, don akwai nau'in rikicewar bugun zuciya da ke jawo shanyewar jiki, kuma yana sa lambobin na'urar su zama ba abin dogaro ba. Duk shekara a kai ta asibiti a sake kwatantawa.

Saura abin da muke ganin shi ne ainihin abin da ya hana ka shan magani, wato “wanda ya fara ba ya dainawa”. Gaskiya ne yawancin mutane suna ci gaba da sha, amma ba don maganin ya kama su ba. Ciwon ne ba ya tafiya, magani danne shi yake yi, ranar da aka daina ya koma inda yake. Ƙin farawa ba ya hana ciwon zama, sai dai ya bar shi yana aiki a ƙoda da zuciya da ido ba mai tsare shi. Akwai waɗanda aka rage wa magani, har da 'yan kaɗan da aka tsayar musu, bayan sun rage ƙiba da gishiri, kuma littafin awon gida ne hujjar da likita ke dubawa kafin ya yi hakan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a lissafa har da wanda ke cikin dunƙulen ɗanɗano da yajin tsire da kilishi da taliyar leda. Zoɓo marar sukari yana ɗan rage lamba, amma ba zai sauko da 158 zuwa inda ake so shi kaɗai ba. Magungunan da ake fara bayarwa kuma an gwada su a jikin mutanenmu: binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodipine a ciki ya fi sauko da jini ga baƙar fata. Yawanci ƙwaya ɗaya ce ko biyu a rana.

Ranar komawa asibiti ka tafi da littafin, da na'urar da maɗaurinta, da duk kwalayen maganin da kake sha har da na gargajiya, da takardar maganin da aka rubuta maka tun farko. Ka nemi a duba fitsari, da aikin ƙoda, da sukari, da kitsen jini, a kuma ɗauki zanen bugun zuciya, don su ne ke nuna ko hawan jinin ya riga ya taɓa wani wuri. Idan aka fara maka magani, a ba shi mako biyu zuwa huɗu kafin a yi masa hukunci, sannan ka sake awon kwana bakwai kafin ganin likita na gaba, na safe kafin ka haɗiyi ƙwayar. Da lambobi sun daidaita, sau ɗaya ko biyu a mako ya ishe ka.